Baƙin da Suka Zo da Kakarsu

Wata ranar Talata ce a ƙarshen damina, shekarar da ruwa ya kayar da katangar makarantarmu ta gabas har awakin unguwa suka riƙa shigowa suna leƙa mu ta taga. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare. An fita tara, kowa ya ruga wajen mai awara da mai ɗanwake, ni kuwa na maƙale a aji saboda saura fallaye huɗu in gama wani littafin soyayya da na ɓoye a cikin na Lissafi. Da na ɗago kai ina share hawaye, don an raba masoyan a tashar mota, sai idona ya faɗa kan bencin gabana. Wata yarinya ce mai suna Fendo zaune ita kaɗai, ta buɗe bayan littafinta na Kimiyya tana zane da jan biro. Ta zana duwatsun garinmu yadda suke, wani a kan wani kamar an jera su da hannu, a kan mafi tsayinsu kuma ta kifa wani kumbo mai kama da ƙatuwar ƙwarya, tsani ya sauko daga cikinsa. Wasu dogayen mutane masu siraran wuya suna saukowa a jere. A ƙarshen layin akwai wata tsohuwa a kan dabba mai ƙaho uku, an ɗaure ƙore a gefenta, tana rungume da jariri. Tsohuwar nan ita ta riƙe mini ido.

A makon da ya wuce ne malamin Kimiyya ya zana mana duniyoyin da ke kewaya rana, ya ce wa ya sani ko akwai wasu halittu a can. Na kuma taɓa kallon wani fim na Turawa a gidan maƙwabtanmu bayan la'asar, inda irin waɗannan baƙi suka sauko suka ƙona dogayen benaye ba tare da sun ce wa kowa uffan ba. Don haka na tambaye ta ko yaƙi ne ya kawo nata baƙin. Ba ta ɗago ba, tana gyara ƙahon dabbar ta ce, "Wanda ya zo yaƙi ba ya zuwa da kakarsa."

Gidanmu yana unguwar Limawa a garin Dutse, gida ne na manoma da gari ya zo ya same su. Muna da rumbu biyu a bayan ɗakin Umma, da turken awaki, da wata bishiyar zogale da ta sha tsinka har ta gaji. Aikina ne sharar safe da kai niƙa da ɗebo ruwa a famfon tuƙa-tuƙa, ranar Asabar kuma in ɗauki furar Baba in kai masa gona a bayan duwatsu. Duk waɗannan ayyuka da littafi nake yin su, a soke a ƙugun zane. Na ƙona miya sau ba adadi, na taɓa barin akuya ta cinye rabin tsakin da aka ba ni tsaro saboda wani saurayi a littafi yana rubuta wasiƙar ban kwana. Umma takan ce, "Wannan yarinya, ko gida ya kama da wuta sai ta kai ƙarshen shafi za ta fita." 'Yan'uwana suna gaɗa da carafke a ƙofar gida, ni ina kan turmi ina auren masu kuɗin da ba su san da ni ba.

A ajinmu kuwa akwai wata al'ada da ban san ko ana yinta a wani wuri ba. Duk yarinyar da ta ji tana iyawa sai ta sayi littafin rubutu mai fallaye tamanin ta fara nata labarin. Tana gama babi sai littafin ya shiga hannu, kowace ta tafi da shi gida kwana ɗaya, yayyenta su karanta, matan auren gidansu su karanta, ya dawo da tabon manja da ƙanshin turaren wuta. Fallaye goma na ƙarshe na masu karatu ne. A nan suke rubuta yabo da zagi da umarni: a kashe wane, a mayar da wance gidan mijinta, a ƙara wa uwar miji mugunta. Marubuciyar da ta ƙi bin umarni sai a bar littafinta a kan benci babu mai ɗauka, kuma a wurinmu babu wulaƙancin da ya kai wannan. Na riga na yi littafi biyu, duka biyun a kan benci suka mutu.

Fendo ba ta cikin wannan harka. 'Yar Fulani ce, rugarsu tana gefen burtalin da ya bi ta gabas da gonarmu. Tun kafin a haife ni, in an gama girbi mahaifinta yakan kawo shanunsa su zauna a gonar Baba, su ci kara da harawa, su bar mana taki, mahaifiyarta ta aiko wa Umma da man shanu a 'yar ƙwarya, Umma ta mayar da ƙwaryar cike da gero. Daga Litinin zuwa Juma'a Fendo tana zama a unguwar Takur a gidan Kawunta, wani ma'aikacin gwamnati, Asabar da Lahadi kuma tana ruga. Ita ce mace ta farko da ta shiga boko a danginsu. Ta gaya mini dattawansu sun ƙi, sun ce yarinyar da ta zauna da 'yan gari za ta dawo tana raina su, sai da Kawun ya dafa ƙirji ya ce in haka ta faru a tuhume shi. Mahaifinta, wanda take kira Baffa, ya amince a kan wannan sharaɗi kaɗai. Burinta ta zama likitar dabbobi, saboda tana ƙarama ta ga wata cuta ta kashe musu shanu bakwai a mako guda.

Ni na roƙe ta mu mai da zanen nan labari, ita ta faɗa ni in rubuta. Kowace Asabar in na ajiye wa Baba fura sai in same ta a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse inda take tsaron maruƙa, mu baje magarya da aduwa a tsakaninmu, ta fara. Duniyar baƙin nan, in ji ta, rani ne ya yi mata tsawo. Suna da wata hanya a tsakanin taurari da kakanninsu suka saba bi, burtali irin namu amma a sama, duniyarmu kuma mashaya ce kawai a kan hanyar. Sukan sauka sau ɗaya a shekara dubu, su shayar da dabbobinsu, su kwana uku, su bar wa ƙasa taki, su wuce. Takin nasu ne ma ya sa dabinon Dutse ya fi na ko'ina zaƙi. Wannan karon da suka sauko sai suka tarar an yi gidaje da gonaki a masaukinsu, kuma duk garin babu wanda ya tuna da su. Ba sa neman komai sai ruwa da kwana uku.

Duk abin da ta ba baƙin nan daga gidansu ta ɗauko shi, ba ta kuma ɓoye mini ba. Kowace dabbarsu tana da suna, tana amsa kira. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Namiji gara ya kwana da yunwa da ya ci abinci a gaban surukinsa. Tsohuwar kan dabbar kuwa kakarta ce, wadda suke kira Dada, har da karyayyen haƙorinta na gaba da mundayen jan ƙarfe da ke kuka in tana burga nono. A labarin, tsohuwar ce kaɗai ta haddace hanyar taurari, kamar yadda Dada ta haddace kowace rijiya daga nan har iyakar ƙasa. Ni kuma na zuba nawa. Na ƙago wani saurayi a cikin baƙin, mai idanu kamar an wanke wata, wanda ya hango wata budurwar Limawa tana tsintar dabino zuciyarsa ta tsinke. Fendo ta yi dariya har ta ƙware da magarya, ta ce, "Ke Hajara, ko kura kika gani a daji sai kin nema mata saurayi." Amma ta bar mini shi. A bangon littafin na zana furanni, na rubuta da manyan baƙaƙe: Na Hajara da Fendo.

Babi uku na farko sun karɓu yadda ban taɓa gani ba. Har 'yan aji uku suna aiko a sa su a layi. A karo na farko a rayuwata ana kiran sunana daga wani benci.

Ana saura kwanaki a fara roron wake sai wani garke, ba na su Fendo ba, masu wucewa ne daga arewa, ya iso burtalin ya tarar ya tsuke. Manoma sun daɗe suna tura garma ciki taku ɗaya kowace damina, kuma Babana yana cikinsu. Shanu suka fantsama gonaki, suka yi ɓarna sosai, masu su kuma suka wuce kafin kowa ya ankara. Mahaifin Balaraba, monitar ajinmu, ko ƙwayar wake bai ɗauka ba a shekarar. Magana ta yi zafi a majalisu da bakin famfo, har Kawun Fendo ya ce ta zauna a gida mako guda sai hankali ya kwanta. Littafin yana hannuna, kuma da ya dawo daga zagayensa na buɗe fallayen baya na ga sun canza murya. "Ƙarya suke, ba ruwa suka zo nema ba." "A tona asirinsu." "Littafin da babu mugu ai ba littafi ba ne." Balaraba da kanta ta rubuta da baƙin biro cewa in baƙin nan suka sha ruwa suka wuce lafiya, to kowa ya koma littafin Zainab ta aji B.

Na zauna ranar Lahadi a inuwar rumbu, an ba ni tsaron shanyar barkono, na rubuta fallaye goma sha biyu ban tashi ba. Na ce roƙon ruwan yaudara ce. Na ce sun zo ne su lashe duk wani kore da ke bayan ƙasa, kamar yadda suka lashe duniyoyi shida kafin tamu. Na ce kunyar da suke nunawa dabara ce ta kwantar wa mutane da hankali. Tsohuwar kuwa na mai da ita mayya, mundayenta su ne take kaɗawa gona ta bushe, jaririn da ta rungume ma na mutane ne ta sato. Saurayina mai idon wata shi ya tona su saboda son budurwar Limawa, don littattafan da na ƙoshi da su sun koya mini cewa so bai cika ba sai mutum ya juya wa danginsa baya. Mutanen gari suka cinna wa kumbon wuta, aka ɗaura aure. Ban cire komai daga abin da Fendo ta ba ni ba. Ƙoren suna nan, sunayen dabbobin suna nan, karyayyen haƙorin yana nan. Dalilin zuwansu kaɗai na canza, kuma a lokacin har ina ganin na yi gwaninta.

Ranar Alhamis aka ce ba za a jira zagaye ba, a karanta a fili. Muka taru a ƙarƙashin darbejiyar bayan aji, Balaraba ta hau kan tubalin katangar da ta faɗi tana karantawa, ana tafi. A ranar Fendo ta dawo makaranta. Na hango ta tsaye a bayan taron da jakarta, tana murmushi da farko, don ta ji sunayen dabbobinta. Na ga lokacin da murmushin ya tsaya. Da aka zo kan mundayen, wata daga baya ta kwaikwayi kiran shanu, aka fashe da dariya, duk aka juya ana kallonta. Ba ta yi kuka ba. Ta jira aka watse, ta zo inda nake ta ce a hankali, "Na ba ki Dada ki sa a littafi, kin mai da ita mayya."

Na ce, "Labari ne fa, ƙawata. Masu karatu ne suka nema."

Ta ce, "Ke da kika ci man shanunta, ba ki san abin da ya kawo su ba?"

Sai aka kira ni daga wancan gefen a ba ni awara kyauta, na tafi. Makonnin da suka biyo baya fallayen ƙarshe suka cika har aka liƙa ƙari. In Fendo ta shigo aji sai a ji wata ta ce, "Baƙin sama, yaushe za ku tashi?" Nakan sunkuyar da kai kamar ina neman biro. Zan so in ce raina ya ɓaci a kwanakin nan, amma gaskiya daɗi nake ji, irin daɗin da ban sake samu ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne littafi yana da ƙafa. Daga gidan wata 'yar ajinmu a Takur ya shiga hannun matar maƙwabcinsu, daga nan ya shiga hannun matar Kawun Fendo, ita kuma ta ajiye shi a gaban mijinta. Bangon yana nan yadda na yi shi, da furanninsa da sunaye biyu. Kawun ya karanta, ya ɗauki littafin ya kai ruga da kansa, don shi ne ya dafa ƙirji. An ce a gaban dattawa aka karanta shi, ana fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa sosai, Dada tana zaune a bakin bukkarta. Ranar Litinin bencin gabana babu kowa.

Umma ta ji labarin a bakin wata mai tallan nono. Ta kira ni ɗaki ta tambaye ni wa ya rubuta babin ƙarshe, na faɗa mata. Sai ta ce, "Ɗauki mayafinki mu je, ki faɗa wa mahaifinta da bakinki." Na ce cikina yana ciwo. Washegari na ce muna da jarrabawa. Tsoro nake ji, na tsohuwar musamman, kada ta ɗago ta dube ni. Umma ta ce to Asabar babu fashi, ranar Asabar kuma aka yi rasuwa a dangin Baba muka tafi Ringim kwana bakwai. Da muka dawo na bi Umma har gefen burtali. Babu bukka ko ɗaya, sai da'irar toka da turakun maruƙa da wata fasasshiyar ƙwarya. A shekarar shanu ba su zauna a gonarmu ba. Baba ya yi ta mamakin abin da ya yi wa mutumin da suka shekara ashirin suna gaisawa, Umma ba ta gaya masa ba, ni ma haka.

Yanzu inda burtalin yake gidaje ne masu jan kwano, dutsen da muke zama a kai an fasa shi an yi tsakuwa. 'Ya'yana suna kallon baƙin sama a waya, masu ƙona birane, ba su taɓa tambayar abin da ya kawo su ba, masu fim ɗin ma ba su damu su faɗa ba. Na daina rubutu tun a wancan zangon, amma ban daina karatu ba, kuma har yau in na ga mugu a littafi nakan tsaya in yi tunanin wa ya ba marubucin haƙorinsa da mundayensa.

Bara na je biki Ringim, na shiga kasuwa sayen kayan miya, sai na gan ta a rumfar mai maganin dabbobi. Tana riƙe da wata kwalba tana karanta wa wasu dattawa biyu rubutun jikinta, tana gaya musu wannan ya wuce lokacinsa, kada su saya. Ta rame, amma wuyan nan da idon nan ba su canza ba. Ta gane ni kafin in yi magana, ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi Umma da Baba da yara, tana ce mini Hajiya. Ta ce sun yi shekaru a kudu, shanu sun ragu, sun dawo kusa da nan. Na tattara abin da ya rage mini na ƙarfin hali na ce ina so a kai ni wurin Baffanta, akwai maganar da ya kamata in faɗa masa tun tuni.

Ta ce, "Allah ya yi masa rasuwa shekara tara ke nan. Dada kuwa tun a shekarar da muka tashi."

Na ce, "Ba ki gaya masa ni ce na rubuta ba?"

Ta ce, "Na gaya masa. Ya ce ya yarda. Ya ce to wa ya kwashe sirrin gidanmu ya kai miki?"

Akwai wata yarinya a gefenta, 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku, tana riƙe da gefen mayafinta. Don in sami abin faɗa na tambayi ajinta nawa. Fendo ta gyara wa yarinyar ɗankwali ta ce ba ta zuwa, ƙannenta ma ba sa zuwa, mahaifinsu ya so amma ita ta hana. Ba ta faɗa da zafi ba. Ta yi mini sallama, ta ce in gaida gida.

Na tsaya ina kallonsu har suka shige cikin mutane. Yarinyar tana tafe tana waiwayen allon wani kanti, tana bin baƙaƙen da ido kamar mai kallon ado a jikin ƙwarya. Fallaye goma sha biyu na rubuta a wuni guda, har yau ba su gama aikinsu ba.